Wa da Ƙane a Bakin Raga

"Saura wasa ɗaya," in ji Lyle, ya matso da bakinsa kusa da makirufo yana murmushin mugunta. "Masu sauraro, ku ajiye abin da kuke yi, ku ƙara murya. Yau za mu ga inda tsoho zai sa kansa."

Curtis Halvorsen ya gyara zama a kujerarsa, ya kurɓi kofin da ya riga ya huce. Ta tagar ɗakin watsa shirin yana hango dusar ƙanƙara ta binne motocin da ke waje har rabin taya. Fiye da shekara goma ke nan shi da amininsa Lyle Beaulieu suna zama a wannan ɗan gidan rediyon na garinsu a Minnesota kowace safiyar Asabar, suna hasashen wasannin lakros, wasan jefa ƙwallo a raga da sanda mai 'yar raga a baki, na ƙungiyoyin da ɗaliban kwaleji ke haɗa wa kansu. Curtis mai haɗa magani ne, Lyle kuma malamin tarihi da ya yi ritaya. Ba a biyansu, kuma masu sauraronsu ba su wuce iyayen 'yan wasa da kakanninsu ba, sai 'yan wasan su kansu, waɗanda kullum suke rantsuwa ba sa ji.

Hasashen farkon kaka ya fi kowane wuya. A watan Fabrairu babu wanda ya ga kowa a fili tukuna. Wasu ƙungiyoyin a ɗakin ƙwallon kwando suke atisaye, wasu ma sai ranar wasa suke sanin waye ya dawo makaranta, waye ya daina. Duk da haka Curtis bai taɓa ƙin faɗin sakamako ba, kuma yana alfahari da hakan. Da safiyar nan ya riga ya yanke hukunci a kan wasa biyar ba tare da ya ko numfasa ba.

"Dunmore da Marlin Creek," in ji Lyle, yana jan kowace kalma. "Ga wanda bai sani ba, mai jefa wa Dunmore ƙwallo a raga shi ne Tobin Halvorsen. Wanda zai tsaya a ragar Marlin Creek kuma yayansa ne, Anders Halvorsen. Uwa ɗaya, uba ɗaya, kuma ga uban nan a gabana yana gumi a cikin wannan sanyin."

"Wasa ne da zai yi zafi," in ji Curtis.

"Ba zafi muka tambaye ka ba."

"Ƙungiyoyin biyu duk suna da horo mai kyau."

"Kakannina, 'yan asalin ƙasar nan, suna buga wasan nan tun lokacin da naka suke shanya kifi a Norway, kuma ban taɓa jin an tashi wasa da sakamakon horo mai kyau ba. Lamba muke so, boka."

Wayar Curtis ta yi motsi a kan tebur. Saƙo ne daga matarsa, Renata: "Ka tuna a gidan wa za ka ci abinci yau."

Ya kife wayar. Tun farkon mako ya san amsar, abin da ya rasa shi ne bakin faɗa. Dunmore sun dawo da kusan duk 'yan wasansu na bara. Marlin Creek kuwa manyansu sun gama makaranta sun watse, har da golan da ya riƙe su shekara uku. A duk shekarun nan uku Anders yana benci da hular kwanonsa a kan gwiwa. Yau ce ranar farko da za a fara wasa da shi.

"Dunmore goma sha biyu, Marlin Creek takwas," in ji Curtis. Muryarsa ta fita a daidai, kamar yana karanta wa mai sayen magani yadda zai sha. "Dunmore sun san juna. Marlin Creek bayansu sababbi ne, kuma golansu bai taɓa fara wasa ba."

Lyle ya jingina da kujerarsa ya dube shi.

"Golan nan nasu, ka san shi kuwa?"

"Ni na raɗa masa suna."

"To ni Marlin Creek na zaɓa," in ji Lyle. "Ba don na san wani abu ba. Don dai in mutumin nan ya rasa wurin kwana yau, a ce akwai wanda ya tsaya wa yaron."

Da aka kashe jar fitilar da ke nuna ana watsa shiri, Lyle ya cire abin kunnensa ya dafa kafaɗar Curtis. "Akwai doguwar kujera a falona. Kare ne ke kwana a kai, amma zan yi masa magana."

Renata tana cikin mota a bakin ƙofa, injin a kunne. Ta sa koriyar hula ta Marlin Creek, ta naɗe wuya da jan mayafin Dunmore. A kujerar baya akwai manyan faranta biyu na gasasshen dankali da nama, an lulluɓe su da tawul don kar su huce, ƙanshinsu ya cika motar. Curtis ya shiga ya ɗaura bel. Suka fita gari suka hau babbar hanya, inda gonaki suka yi fari fat hagu da dama.

"Ba zaɓin ne ya dame ni ba," ta ce daga bisani, idonta a kan hanya. "Na san ka. Ko mahaifiyarka ce a raga haka za ka ce. Amma golansu? Golansu, Curtis? Kamar wani ɗan maƙwabta."

"In na kira sunansa ai ya fi ciwo."

"Wa ya gaya maka?"

Ya juya yana kallon gonaki ta taga, ita kuwa ta ci gaba.

"Yaron nan bai taɓa fashin atisaye ba. Ƙanensa ana sa hotonsa a jaridar makaranta, shi yana ɗaukar wa mutane gorar ruwa. Bai taɓa yin ƙorafi ba ko sau ɗaya. Yau rana ɗaya tak."

"Da na yi ƙarya zai gane," in ji Curtis. "Tobin zai yarda da duk abin da na ce in dai yabo ne. Anders ba ya yarda. Kallona kawai zai yi."

Renata ta wuce wata motar kwashe ƙanƙara, ta dawo hannunta. "Wannan gaskiya ne," ta ce. "Amma har yanzu ina fushi. Miƙo min alewa a cikin jakata."

Filin wasan yana cikin wata katafariyar rumfar leda da iska ke riƙe da ita, wadda kowa ke kira kumfa. Suka bi ta ƙofa mai juyawa, kunnuwansu suka toshe suka buɗe. Ciki akwai warin roba da gumi, da ƙarar ƙwallo tana dukan ƙarfen raga. Iyaye sun jeru a gefen layi da kujerun naɗewa da barguna.

Tun kafin Curtis ya sami wurin tsayawa aka fara. Wani uba daga ɓangaren Dunmore ya ɗaga masa babban yatsa. Wata kaka mai koriyar hula ta leƙo ta saman tabarau ta ce, "Kai ne mai rediyon? Ka ji kunya." Ta miƙa masa biskit duk da haka.

Tobin ya hango su daga tsakiyar fili, ya ɗaga sandarsa sama yana dariya, gashinsa ya fito ta bayan hular kwano. A can ɗaya ƙarshen Anders yana tsaye a bakin raga, wani yana jefa masa ƙwallo yana tarewa da sandarsa mai faffaɗar raga. Bai waiwayo ba. Renata ta kira sunansa, ya ɗan ɗaga hannu ba tare da ya juyo da kai ba.

"Ka gani ko," ta ce.

"Yana mai da hankali ne."

"Uhm."

Ta kafa kujerarta daidai tsakiyar layi, ba ta kusa da kowa. Curtis ya kasa zama.

Aka busa. Mutum biyu suka durƙusa a tsakiya suna kokawar ƙwallo da sanduna, ta fito ɓangaren Dunmore. Ba a daɗe ba ta isa hannun Tobin. Ya zagayo ta bayan raga da gudu, ya yi kamar zai miƙa wa wani, ya juya ya buga. Ragar ta motsa. Anders ya sunkuya ya ciro ƙwallon daga bayansa ya jefa wa alƙalin wasa. Kafin a gama zango na farko an ci shi uku, biyu daga ciki na ƙanensa ne.

A duk shekarun nan babu abin da Curtis yake so kamar ya ga wasa yana tafiya yadda ya faɗa. Yau ga shi yana tafiya daidai, shi kuma ji yake kamar ya fita ya zauna a cikin ƙanƙara.

A zango na biyu wani ɗan Dunmore ya sami sarari ya saki ƙwallo da dukan ƙarfinsa. Ta sami Anders a cinya, inda babu kariya. Ƙarar ta kai har gefen layi, iyaye suka ja numfashi tare. Anders ya yi tsalle ɗaya a kan ƙafa ɗaya, ya kwashi ƙwallon, ya cilla ta can tsakiyar fili inda wani ɗan ƙungiyarsu yake gudu shi kaɗai. Marlin Creek suka ci ta farko.

Daga nan wani abu ya sauya. Curtis ya fara jin muryar da bai san ɗansa yana da ita ba, babba, mai kauri, tana cika kumfar: wane ka koma hagu, wane ga mutum a bayanka, ku rufe tsakiya. Yaron da a gida sai an ce ya maimaita kafin a ji abin da ya ce. Sababbin 'yan bayan suka fara motsi yadda ya ce. Tobin ya sake zuwa, ya buga ƙasa, ya tarar da sandar yayansa tana jiransa a can. Ya dawo ya buga ta gefe, Anders ya tare da ƙafa. Karo na uku Tobin ya tsaya ya dubi yayansa, ya faɗi wata magana. Anders ya ba shi amsa. Ko me ya ce, ɗan bayan da ke kusa ya yi dariya har ya dafa gwiwa.

"Me suke cewa?" in ji Renata.

"Ban ji ba."

"In dai zagi ne da ya shafi uwa, su biyun za su gamu da ni."

Aka tafi hutun rabi Dunmore biyar, Marlin Creek huɗu. Lyle ya aiko saƙo yana tambaya ko ya fara lallashin karen. Curtis ya mai da wayar aljihu.

Rabi na biyu ya wuce masa kamar a mafarki. Aka yi shida da shida, aka yi bakwai da bakwai. Tobin ya ƙara ɗaya mai kyau, ta bayan kafaɗa, har kakar mai koriyar hula ta tafa kafin ta tuna. Renata ta tashi ta yi ihu, ta zauna, ta rufe fuska da mayafi saboda ɗaya ɗan. Marlin Creek suka rama, takwas da takwas. Can kusa da ƙarshe wani siririn yaro na Marlin Creek, wanda Curtis bai ma san sunansa ba, ya kutsa tsakanin mutum biyu ya ci. Tara da takwas, Marlin Creek a gaba.

Dunmore suka nemi a tsaya, suka taru, suka dawo. Babu wanda ke cikin kumfar da bai san hannun wa ƙwallon za ta je ba. Agogo yana cin daƙiƙun ƙarshe, Tobin ya karɓa a gefen dama, ya kauce wa mutum ɗaya, ya sunkuyar da kafaɗarsa ta hagu. Curtis ya san wannan sunkuyon. Ya gan shi sau ba adadi a bakin garejin gidansu, tun yaran suna jefa ƙwallo suna fasa masa fitilu. Bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Anders, ƙasa! Ƙasa zai buga!"

Tobin ya buga sama, can kusurwar dama. Sandar Anders ta tashi ta same ta a can. Ƙwallon ta zauna a cikin ragar sandar, aka busa tashi.

'Yan Marlin Creek suka zubar da sanduna suka ruga, suka danne golansu a ƙasa har ba a ganin komai nasa sai takalmi. Curtis yana tsaye da hannu biyu a ka. Da ya juyo, ya ga duk iyayen Dunmore suna kallonsa. Uban da ya ɗaga masa yatsa ɗazu ya girgiza kai a hankali. Renata kuwa dariya take yi har da hawaye, ta kasa tashi daga kujera.

A wajen ajiye motoci suka buɗe bayan motar, Renata ta yaye tawul daga farantan, tururi ya tashi cikin sanyi. Yara masu ja da masu kore suka taru da farantan takarda, an manta da waye abokin gaba. Tobin ne ya fara isowa, jakarsa a kafaɗa, fuskarsa a murtuke.

"Baba, da safe ka zaɓe ni, da rana ka sayar da ni."

"Bakina ne ya kuɓuce."

"Duk kumfar ta ji. Ƙasa zan buga fa. Da na ji ka tona, dole na canza." Ya karɓi faranti daga hannun uwarsa ya cika shi har yana zuba. "Kuma tun farko kai ka jawo mana. Duk wanda ka yaba a rediyon nan sai ya ga tsiya. Kar ka ƙara zaɓenmu."

Anders ya zo daga baya, yana ɗan ɗingishi, gashinsa jiƙe da gumi yana tururi. Abokansa suna bin sa suna rera "golansu, golansu" kamar waƙa. Ya tsaya gaban mahaifinsa. Curtis ya ga yau ne ya fara lura cewa yaron ya fi shi tsawo.

"Na ji ka fa," in ji Anders.

"Da safe ko yanzu?"

"Duka. A bas aka kunna mana rediyon. Da ka faɗi lambar, kowa ya yi tsit, ana satar kallona." Ya karɓi cokali. "Na ƙarshen kuma, na ji ka ce ƙasa. Sai na ce mutumin nan tun safe yake kuskure, bari in ɗaga sama."

Tobin ya ƙware da dankali. Renata ta bubbuga masa baya tana dariya.

"Anders," in ji Curtis. Ya matso kusa da shi.

"Na ji haushi, Baba, ba zan ɓoye ba. Har muka yi nisa ina jin haushi. Amma ka san wani abu? Duk makon nan ba na iya cin abinci. Ina ta tunanin za ka zo ka tsaya a gefe kana sa rai, ni kuma in ba ka kunya. Da ka ce za a ci mu, sai na ji kamar an sauke min kaya. Na ce to, ai ba abin da ya rage in rasa." Ya ɗaga kafaɗa. "Ukun farko dai ba su da daɗi."

Curtis ya jawo shi ya rungume, da rigar kariyar da warin gumin da komai. Anders ya bari na ɗan lokaci, sannan ya ce abincinsa zai zube.

Kyaftin ɗin Marlin Creek, wani ƙato mai jan gemu, ya matso ya cire hula da ladabi. "Ranka ya daɗe, alfarma muke nema. Ranar Asabar da Lake Orrin za mu kara. Don Allah ka ce za su yi mana kaca-kaca."

"Da goma," wani ya ce daga baya.

"Ka ce golan ma ba ya gani sosai."

"Da gaske nake, Baba," in ji Anders, yana nuna shi da cokali. "Kar ka canza. Yadda ka yi yau, haka za ka yi."

"A'a, mu zai ce za a ci," in ji Tobin. "Ni na fara roƙa."

Suka shiga musu da baki cike, wa da ƙane, kowa yana neman ubansa ya yi masa mugun fata. Tobin ya ce a nuna masa cinyar. Anders ya ɗage wando, wurin ya riga ya yi baƙi, da'ira guda kamar an buga hatimi. Yaran suka taru suna yabawa, ana ɗaukar hoto. Curtis ya tsaya a gefe da biskit ɗin kakar nan da bai ci ba, yana kallo.

Rana ta yi ƙasa lokacin da bas biyun suka tashi, ɗaya ta yi arewa, ɗaya kudu. Farantan sun koma kujerar baya a share tas. Wannan karon Curtis ne ke tuƙi. Renata ta cire takalmi ta miƙe ƙafa kusa da inda iska mai ɗumi ke fitowa.

"Lake Orrin ɗin nan," ta ce, "suna da ƙarfi?"

"Suna da gudu. Bara sau biyu suka ci Marlin Creek."

"To ka ga an huta. Sai ka ce za a ci su, ba ka yi ƙarya ba, yaro kuma ya samu abin da yake so."

Suka wuce wata gona, suka wuce wani coci mai farin hasumiya. Curtis yana ta juya abin a ransa ta kowace fuska, yadda ya saba: masu gudun Lake Orrin, inda suke son bugawa, sababbin 'yan bayan nan da suka koyi jin magana a cikin wasa ɗaya, da wanda yake yi musu maganar.

"Ba zan iya ba," ya ce. "Marlin Creek za su ci. Da biyu."

Renata ta juyo ta dube shi sosai.

"Ya roƙe ka fa. A gaban abokansa."

"Ya roƙe ni. Amma na ga abin da na gani."

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta mai da kanta jikin kujera, ta lumshe ido tana murmushi.

"Wannan karon ka kira sunansa," ta ce.

Curtis ya kunna fitilun mota. A hankali, yadda ba za ta ji ba, ya fara gwada yadda zai faɗa.